Denis Law: Ɗan Masuncin da Ƙwallo Ta Sauya Kama a Gaban Idonsa

Ranar 17 ga Janairun 2025 Denis Law ya rasu yana da shekara 84. Labarin bai daɗe a bakin matasanmu masu bin ƙwallon Ingila ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin mutumin ya rataye takalmi tun 1974, kafin a haifi iyayen wasu daga cikinsu. Amma duk mai goyon bayan Manchester United da ya taɓa ganin hoton ƙofar Old Trafford ya san mutum-mutumin nan na mutum uku da aka kafa a 2008. Na tsakiyar, wanda ya ɗaga hannu ɗaya sama, shi ne Law. George Best ya riga shi tafiya a 2005, Bobby Charlton ya bi a 2023, shi ne ya rufe musu baya.

Abin da ya ja ni ga waiwayar rayuwarsa ya wuce yawan ƙwallayen da ya zura. Law ya shiga wannan sana'a lokacin da ɗan wasa yake kadarar kulob, a yanka masa albashi, a zaɓa masa inda zai zauna, a tura shi fili ko da gwiwarsa ta kumbura. Ya bar duniya lokacin da ɗan wasa yake da wakili da lauya da likitan kansa. Kusan kowane mataki da aka taka tsakanin zamunnan biyu akwai sawunsa a kai, kuma shi da tsararrakinsa da jikinsu suka biya kuɗin tafiyar.

An haife shi ranar 24 ga Fabrairun 1940 a Aberdeen, birnin da ke gaɓar teku a arewa maso gabashin Sikotlan. Mahaifinsa masunci ne mai fita teku a jirgin kamun kifi, shi kuwa Denis shi ne autan 'ya'ya bakwai. A unguwar Woodside suka tashi, cikin gidajen haya na talakawa, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Takalmin yau da kullum ma sai wanda yayyensa suka saka suka bar masa, takalmin ƙwallonsa na farko kuwa kwance ne da wani maƙwabci ya yi masa. Yana da ƙoƙari a karatu har ya samu gurbi a makarantar Aberdeen Grammar, amma ya ƙi zuwa saboda a can wasan rugby ake yi. Ya gwammace makarantar Powis inda zai ci gaba da taka leda.

Akwai wani abu game da ƙuruciyarsa da nake so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Yaron harara-garke ne, ga shi ɗan siriri, ga tabarau mai kauri. Idan za a fara wasa sai ya cire tabarau, ya runtse ido ɗaya, ya yi ta gudu a haka har a tashi, don kada ya riƙa ganin ƙwallo biyu. Mai karatu ya gwada rufe ido ɗaya a jefo masa lemo ya cafe, zai gane abin da ake nufi. Da wannan ido ɗaya yaron ya koyi auna tsallen ƙwallo a kan titin unguwa da filayen makaranta masu taɓo. A 1955 wani mai farautar yara masu baiwa, Archie Beattie, ɗan'uwan kocin Huddersfield Town, ya tura shi Ingila gwaji yana da shekara 15. Waɗanda suka tarbe shi ba su ga alamar ɗan ƙwallo a jikinsa ba, sai da aka ba shi ƙwallo. Kulob ɗin ya ɗauke shi, kuma yana tare da su aka yi masa aikin ido ya miƙe. Ranar 24 ga Disamban 1956 ya buga wasansa na farko a babbar ƙungiya yana da shekara 16.

Ba a banza Sikotlan ta riƙa fitar da irin waɗannan yara ba. Ƙasa ce ta mahaƙan kwal da maƙeran jiragen ruwa da masunta, kuma ƙwallo ita ce nishaɗin ranar Asabar ga mutumin da ya yi mako yana aikin ƙarfi. Ga yaro mai baiwa kuwa, ita ce ƙofar tsira daga ramin kwal ko sanyin teku. Bill Shankly, wanda ya riƙe Law a Huddersfield kafin ya tafi ya gina Liverpool, daga ƙauyen mahaƙa na Glenbuck ya fito. Matt Busby na United ɗan mahaƙin kwal ne. Jock Stein na Celtic shi da kansa ya yi aiki a rami. Busby ne ma, lokacin da yake riƙe da tawagar Sikotlan, ya fara saka Law a cikinta a watan Oktoban 1958, a wasa da Wales, yana ɗan shekara 18, kuma ya ci ƙwallo ranar. Waɗannan mutane sun san talauci ciki da bai, shi ya sa suka iya gane yaro mai yunwar nasara, shi ya sa kuma ba su da saurin tausaya wa mai kukan ciwo.

Sai maganar kuɗi. A watan Maris na 1960 Manchester City ta sayi Law a kan fam 55,000, farashin da ba a taɓa biya tsakanin kulob-kulob na Birtaniya ba. Amma a wancan lokacin doka ta hana a biya kowane ɗan wasa a Ingila fiye da fam 20 a mako, komai ƙwarewarsa, ko da mutum dubu sittin ne suka biya kuɗin ƙofa don su kalle shi. Bayan haka kuma akwai tsarin da ya ba kulob ikon riƙe rajistar ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare: in sun ƙi sakinsa, ba shi da inda zai je ya buga. Wato dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a Janairun 1961 ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki, aka cire iyakar albashin, Johnny Haynes na Fulham ya zama na farko da ya karɓi fam 100 a mako. Bayan shekara biyu, a 1963, George Eastham ya kai Newcastle United kotu, alƙali ya ce tsarin riƙe ɗan wasa ya tauye 'yancin sana'a.

Law bai tsaya jiran wannan sauyi ya nuna ba. A bazarar 1961 ya bi kuɗin Italiya, Torino ta saye shi a kan fam 110,000, tare da Joe Baker da ya zo daga Hibernian. Nan ya gano cewa kuɗi daban, kwanciyar hankali daban. Ƙwallon Italiya ta wancan zamani ta tsare gida ce, a jibge 'yan baya a hana kowa motsi, ga duka ga shuri. 'Yan jarida suna bin su duk inda suka sa ƙafa, kulob kuma yana cin su tara yana tsare su a sansani. Ya ci ƙwallo 10 a gasar, abin da ba ƙarami ba ne a irin wannan yanayi, amma zuciyarsa ba ta zauna ba. A watan Fabrairun 1962 suka yi hatsarin mota a Turin, Baker ya ji mummunan rauni, Law ya tsira da ɗan abin da ba a rasa ba. Da Torino ta nemi miƙa shi ga Juventus sai ya tattara ya koma gida, ya ce ba zai ƙara buga musu ba. Ɗan shekara 22 ya tsaya kai da fata a gaban manyan attajiran Turin, a zamanin da ba a san ɗan wasa da cewa a'a ba. A ƙarshe Manchester United ta biya fam 115,000 ta kawo shi a watan Yulin 1962.

United ɗin da ya tarar tana cikin jinya. Shekara huɗu ke nan da hatsarin jirgin sama na Munich, ranar 6 ga Fabrairun 1958, wanda ya ci rayuka 23, takwas daga ciki 'yan wasanta. Busby, wanda shi ma da ƙyar ya tsira, yana sake gini daga tushe, kuma Law ne ya dawo wa filin da annuri. A 1963 ya ci ƙwallon farko a wasan ƙarshe na kofin FA da suka doke Leicester City da ci 3-1. A kakar 1963-64 ya zura ƙwallo 46 a duk gasanni, kuma har yau babu ɗan United da ya kai wannan adadi a kaka ɗaya. A 1964 aka ba shi kyautar Ballon d'Or, kuma har yanzu shi kaɗai ne ɗan Sikotlan da ya taɓa karɓarta. Suka ɗauki kofin gasar Ingila a 1965 da 1967. Jimillar abin da ya ci wa United ƙwallo 237 a wasa 404. Wayne Rooney da Charlton ne kawai ke gabansa.

Waɗanda suka gan shi suna tuna shi da rigarsa a waje ba a soke ba, yatsunsa sun damƙe bakin hannun rigar, in ya ci kuma ya ɗaga hannu ɗaya da yatsa a miƙe. Ba ƙato ba ne, amma yakan yi tsalle ya wuce 'yan bayan da suka fi shi tsawo, yakan kuma jefa kansa inda wasu ke tsoron sa ƙafa. Yana da zafin zuciya, in an shure shi ya rama, kuma ya sha dakatarwa a kan haka. Magoya bayan da ke tsayuwa a ɓangaren Stretford End, akasarinsu ma'aikatan masana'antu, suka naɗa shi Sarki. Charlton ana girmama shi, Best ana mamakinsa, Law kuwa nasu ne, domin a fuskarsa suna ganin irin zafin neman da suka sani a rayuwarsu. Sunansa ya tsallaka teku har Holan, inda wani mai sha'awarsa ya raɗa wa ɗansa sunan, yaron ya girma ya zama Dennis Bergkamp.

Kishin ƙasarsa kuwa ba a magana. Yana cikin tawagar da Ingila ta lallasa da ci 9-3 a Wembley ranar 15 ga Afrilun 1961. Ranar da Ingila ta buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 1966, maimakon ya zauna kallo sai ya tafi wasan golf. Shekara shida cif bayan wancan wulakanci, ranar 15 ga Afrilun 1967, ya koma Wembley ya ci ƙwallon farko, Sikotlan ta doke zakarun duniya da ci 3-2. Shekarar ce kuma Celtic ta ɗauki Kofin Turai a Lisbon, ta doke Inter Milan da 'yan wasa goma sha ɗaya waɗanda dukansu 'yan kewayen Glasgow ne. Wannan ne ƙololuwar ƙwallon Sikotlan, ƙaramar ƙasa mai mutum kusan miliyan biyar tana tsaye kafaɗa da kafaɗa da kowa.

To amma a daidai wannan lokaci jikin Law ya fara karɓar bashinsa. Gwiwarsa ta dama ta daɗe tana damunsa, maganin da aka fi sani kuwa shi ne a yi masa allurar kashe zafi a tura shi fili. Sai a 1965 aka fara yarda da canjin ɗan wasa a gasar Ingila, shi ma mutum ɗaya tak, kuma sai in rauni ya ji. Kafin nan wanda ya ji ciwo yakan koma gefen fili ya yi ta ɗingishi har a tashi. Filayen hunturu taɓo ne zalla, ƙwallon fata kuma in ta sha ruwa sai ta yi nauyi. Ranar 29 ga Mayun 1968, lokacin da United ta doke Benfica da ci 4-1 a Wembley ta ɗauki Kofin Turai, burin da Busby ya yi shekara goma yana nema, Law yana kwance a asibiti a Manchester an yi masa aikin gwiwa, a talabijin ya kalla. Shi ya taimaka aka gina gidan, ranar buɗewa kuma babu shi. Daga nan bai ƙara komawa yadda yake ba.

A 1973 kocin United, Tommy Docherty, ya sallame shi kyauta bayan shekara goma sha ɗaya, ya koma Manchester City. Abin da ya faru ranar 27 ga Afrilun 1974 shi ne aka fi tunawa da shi. United tana bakin faɗawa rukuni na biyu, City ta zo Old Trafford, an kai ƙarshe-ƙarshen wasa babu ci. Francis Lee ya turo ƙwallo cikin yadi, Law yana tsaye ya ba raga baya, ya sa dunduniya ya ɗan taɓa ta, ta wuce gola Alex Stepney ta shige. Abokan wasansa suka rugo suna rungumarsa, shi kuwa hannun nan da aka san shi da ɗagawa bai motsa ba. Ya sunkuyar da kai, aka canza shi, ya fita. 'Yan kallo suka ɓarke cikin fili, alƙalin wasa ya tsayar da wasan, sakamakon ya tabbata a haka. Sakamakon sauran wasannin ranar ya nuna United za ta faɗi ko da bai ci ba, amma wannan bai rage masa ɓacin rai ba, kuma ya sha faɗin haka a shekarun baya. Yau ya zama al'ada ɗan wasa ya ɗaga tafin hannu in ya ci tsohon kulob ɗinsa. A ranar babu wata al'ada da Law yake bi; aikin da aka biya shi ya yi, zuciyarsa kuma ta ƙi yarda.

Wasansa na ƙarshe da rigar ƙasarsa shi ne na Kofin Duniya a Jamus ta Yamma, ranar 14 ga Yunin 1974, da Zayar, ƙasar farko daga kudu da Sahara da ta je gasar. Sikotlan ta ci 2-0. Ya tashi da ƙwallo 30 a wasa 55, adadin da Kenny Dalglish ya zo ya yi kunnen doki da shi a wasa 102. A watan Agusta ya yi ritaya yana da shekara 34, ya shiga neman abinci kamar kowa, daga baya ya samu aikin sharhin wasanni a rediyo da talabijin.

Daga nan ne duniyar da ya sani ta fara gushewa. Man fetur na Tekun Arewa ya mayar da Aberdeen daga garin masunta zuwa cibiyar kamfanonin mai. Ramukan kwal suka yi ta rufewa har na ƙarshe mai zurfi, Longannet, ya rufe a 2002. Gasar Firimiya ta zo a 1992 da kuɗin talabijin, hukuncin Bosman na 1995 ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare 'yancin tafiya inda ya so, kulob-kulob na Ingila suka daina dogara da yaran Glasgow da Aberdeen, suka juya ga Faransa da Afirka da Kudancin Amurka. A gida kuma, tun da Aberdeen ta Alex Ferguson ta ɗauki kofin gasar Sikotlan a 1985, har zuwa rasuwar Law babu wanda ya sake ɗauka sai Celtic ko Rangers. Motoci suka cinye titunan da yara ke wasa a kai. Law ya ga wannan giɓi, shi ya sa ya ba da sunansa da lokacinsa ga wata gidauniya a Aberdeen mai kai wasanni kyauta unguwannin marasa ƙarfi da yamma. Abin da titi ya ba shi a banza, yanzu sai an tsara an nemi kuɗi kafin yaro ya same shi.

Ba na cikin masu cewa da can komai ya fi kyau. Ɗan wasan Sikotlan Scott McTominay ya bar United ya tafi Napoli a 2024, ya ɗauki kofin gasar Italiya a kakarsa ta farko, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Ƙasar da ta ƙuntata wa Law ita ce ta ɗaukaka shi, domin ya je da 'yancinsa, da masu kula da lafiyarsa, da kwantiragin da shi ya amince da shi. Wannan ci gaba ne na gaskiya, kuma ina murna da shi. Abin da ke damuna shi ne yadda ya zo wa wasu a makare.

A watan Agustan 2021 Law ya sanar da duniya da kansa cewa yana fama da cutar mantuwa, nau'i biyu a haɗe. Ba shi kaɗai ba ne. Charlton da ita ya rasu. Nobby Stiles, abokin wasansu, wanda ya sayar da lambobin yabonsa a 2010 don ya bar wa iyalinsa wani abu, shi ma haka. Billy McNeill, kyaftin ɗin Celtic da ya ɗaga kofi a Lisbon, haka. A 2019 masu bincike a Jami'ar Glasgow ƙarƙashin Dakta Willie Stewart suka duba bayanan tsofaffin 'yan wasan Sikotlan fiye da 7,600, suka gano cewa haɗarin mutuwarsu ta hanyar cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran jama'a kusan sau uku da rabi. Binciken da ya biyo baya ya nuna masu tsaron raga ba su bambanta da sauran mutane ba, 'yan baya kuwa, waɗanda suka fi kowa sa wa ƙwallo kai, su ne suka fi shiga haɗari. A 2020 hukumar ƙwallon Sikotlan ta hana koya wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 buga ƙwallo da ka a wurin horo, a 2022 kuma ta taƙaita shi ga manya a ranar da ke gaban wasa da wadda ke bayansa.

Wannan shi ne sauyin da na fi ɗauka da nauyi a duk tsawon rayuwar Law. An ɗauki shekaru kafin a yarda cewa ɗan wasa ya cancanci ladan guminsa, an ɗauki wasu kafin a yarda yana da ikon zaɓar inda zai yi aiki, sai a ƙarshe aka fara tambayar me zai same shi in ya kai shekara saba'in. Tambayar da ya kamata ta zo farko ita ce ta zo ƙarshe, kuma sai da mutane irin su Law suka manta sunayen waɗanda suka yi wasa tare kafin a saurare ta.

Sikotlan ta ba shi girma yana raye: mutum-mutumi a tsakiyar Aberdeen, lambar girma ta birnin a 2017, da fili mai ɗauke da sunansa inda yaran unguwa ke wasa. Duk sun dace da shi. Amma akwai ɗaruruwan tsararrakinsa da ba su taɓa cin Ballon d'Or ba, waɗanda suka sha allura iri ɗaya, suka sa wa ƙwallo iri ɗaya kai a kan fam 20 ko ƙasa da haka, yau iyalansu ne ke ɗauke da nauyin jinya. Sana'ar da ke juya biliyoyin fam a kowace shekara tana da halin ɗauke musu wannan nauyi, kuma haƙƙinsu ne a kanta. Duk inda ake tara yara ana koya musu ƙwallo, a Aberdeen ne ko a wani wuri, wanda ke riƙe da usur ya sani cewa yaron da ke gabansa zai yi wasa na shekara goma sha biyar in ya yi sa'a, amma da wannan gwiwa da wannan kai zai rayu har tsufansa.